Neman kalma: me za mu kira jifiyu da Hausa kafin taron Apple?

Ɗan Samaru:
Salamu alaikum jama'a. Watan Yuni ya matso, taron da Apple ke yi wa masu ƙera manhaja duk shekara, WWDC, ya kusa, kuma ina so in rubuta abin da za su faɗa da Hausa a daren ranar saboda yaran nan da ke damuna da tambaya. Laftof ba ta da matsala, kwamfutar tafi-da-gidanka ta zauna, wasu ma sistem kawai suke cewa kowa ya gane. Inda na maƙale shi ne abin nan mai haruffa uku, GPU, wanda muke kira jifiyu, masu shago kuma su ce girafis. Rabin hirar taron a kansa za a yi, to ni ba na so in cika rubutu da jifiyu jifiyu kamar mai kiran kaji. Abin da na ji ana faɗa zuwa yanzu: katin hoto, injin hoto, masarrafar zane. Ku taimaka.

Hasashena dai kada kowa ya sa rai da sabuwar laftof. Eh sun taɓa yi, a 2012 a taron suka fito da MacBook Pro mai allon Retina, a 2022 suka nuna masarrafarsu M2 da sabuwar MacBook Air, a 2023 kuma Air mai inci 15, amma 2024 da 2025 ko ƙusa ba su nuna ba, manhaja ce zalla daga farko har ƙarshe. Ni ina ganin bana ma hakan za a yi, za su yi ta maganar Metal ne, wato hanyar da manhaja ke bi ta yi magana da jifiyu, da yadda za a kawo gem ɗin Windows kan Mac, da ƙirƙirarriyar basira da za ta yi aiki a cikin laftof ɗin ba sai da data ba.

Mai gyara a PZ:
Wa alaikumus salam. Oga don Allah kome za ku zaɓa ku cire kati a ciki, kalmar nan tana jawo mana rigima a shago. Yaro ne zai zo, yawanci ’yan zanen gini na jami'a, ya tara kuɗi ya sayi laftof ta hannu, mai sayarwa ya ce masa ai ba komai in ka samu kuɗi sai ka ƙara kati, ya je ya sa Lumion ko Revit, manhajojin zanen gini, abu ya tsaya cak fanka na ta ihu, sai ya ɗauko ta ya zo wai a ƙara masa kati. Sai na kwance bayan na nuna masa da idonsa, ga ta nan ’yar baƙa mai ƙyalli kamar madubi an liƙe ta da dalma a jikin bod, wato babban faifan da komai ke kai, bututun jan ƙarfe ya bi ta kanta ya wuce wurin fanka, babu wani rami da za ka zare ka sa wata. Ram, wato ma'ajiyar aiki ta ɗan lokaci, za a iya ƙarawa a wasu, hadis da ake adana fayiloli a ciki za a iya canjawa, wannan kam yadda ka saye ta haka za ka mutu da ita. In ka ga fuskar yaron sai ya ba ka tausayi wallahi.

Kati na gaskiya a babbar kwamfuta ta tebur yake, shi ne mai fanka biyu ko uku wanda ake sokawa a ramin bod. Wannan ku kira shi kati ba mai musu.

Ɗalibi, Hanwa:
Yaya kamar da ni kake. Amma ni katin hoto ma in na ji sai in ɗauka katin shaida ake nufi ko na zaɓe, mai hoton mutum a jiki.

Malama daga Gyallesu:
Ɗan Samaru sannu da ƙoƙari. Injin hoto ba zai yiwu ba, duk wanda ya ji zai tafi kan kyamara ko injin wanke hoto, wani ma ya tuna ɗakin hoto na asibiti. Masarrafar zane kuwa a rubuce take da matsala, zane na alƙalami da zane na ɗaurawa duk haruffa ɗaya ne, mai karatu zai zaci masaƙun Kakuri ake nufi. Kafin mu ci gaba dai ka yi mana bayanin aikin abin tukuna, ba a raɗa wa yaro suna ba a ga fuskarsa ba.

Ɗan Samaru:
Gaskiya ne Malama, Allah ya ƙara basira. To ga shi a taƙaice. Allon laftof na yau da kullum yana da ɗigo 1920 a kwance 1080 a tsaye, in ka ninka ɗigo 2,073,600 kenan, kuma kowane ɗigo sai an lissafa launinsa sau 60 a daƙiƙa ɗaya in ana so hoto ya tafi sumul. Lissafin kowane ɗigo ba wuya gare shi ba, yawan ne masifa. Babbar masarrafa, sifiyu, tana da ’yan ƙwayoyi kaɗan, 4 ko 8 ko sama da haka kaɗan, kowacce gwana ce mai iya aiki mai sarƙaƙiya ɗaya bayan ɗaya. Ita kuwa jifiyu ƙwayoyi dubbai ne ƙanana, RTX 4090 ta Nvidia tana da 16,384, ba wacce ta kai ƙwayar sifiyu wayo amma duk tare suke sunkuyawa. Aikin gayya ne kawai, a raba gona kunya-kunya kowa ya kama tasa, kafin azahar an tashi, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Shi ya sa ma ni zuciyata ta fi kwanciya da masarrafar gayya, don maganar hoto ta fara zama tarihi. Nvidia ce ta yayata sunan GPU a 1999 da ta fito da GeForce 256, lokacin gem ne kawai abin. Daga baya wajen 2006 zuwa 2007 suka kawo CUDA, wanda ya ba mutane dama su ba ta kowane irin lissafi ba sai na hoto ba, sai a 2012 Alex Krizhevsky da abokan aikinsa a jami'ar Toronto ta Kanada suka horar da manhajar gane hotuna da kati biyu kacal na GTX 580 suka ba kowa rata a wata gasar gane hotuna, daga nan kowa ya ruga. Yau manyan da ake horar da ƙirƙirarriyar basira da su irin H100 ko ramin jona allo babu a jikinsu, ba su taɓa zana wa kowa komai ba. To ya za mu kira abu da hoto alhali mafi tsadarsa ba ya nuna hoto?

Malama daga Gyallesu:
Bayanin ya fita, har na fahimci abin da ban taɓa fahimta ba. Amma gayya tana da wata fuskar fa. In aka ce wane da gayya ya yi, ka san ba yabo ba ne. Ka rubuta cewa Apple ta ƙara wa laftof ɗinta gayya ka ga yadda za a mayar da kai abin dariya. Sannan yaran birni nawa ne suka taɓa ganin gayyar noma? A bayani ka yi amfani da ita, tana da daɗi, amma ba ta kai suna ba.

Baba na Tudun Wada:
Yarana ku bari tsoho ya sa baki. Wannan gardama ba yau aka fara ta a garin nan ba, tun 1939 da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a nan Zariya ake fama da baƙin kalmomi, kuma abin da na lura da shi ba mai ƙirƙira ke yanke hukunci ba, bakin mutane ne. Jirgin sama an ƙirƙira ya zauna. Mota da rediyo aro aka yi suka zauna. Na'ura mai ƙwaƙwalwa kuma fa, shekara nawa gidajen rediyo suna faɗa, yau wa ke shiga shago ya ce a ba shi na'ura mai ƙwaƙwalwa? Kwamfuta ta cinye ta saboda tsawo. Amma ga manhaja, wadda da a makaranta kawai muka san ta, ta samu sabon aiki ta zauna daram. Saboda haka duk abin da ya wuce kalma biyu ku manta da shi. Kuma Turawan da kansu ba su canja sunan ba duk da aikin ya canja, har gobe harafin farko, G na girafis, na hoto ne, mu me zai sa mu fi su zaƙewa.

Ɗan Samaru:
Allah ya ƙara girma Baba, na karɓa. Gayya ta koma cikin bayani. To masarrafar hoto kenan? Kalma biyu, masarrafa dama muna amfani da ita, kuma ta yi daidai da babbar masarrafa, sai su zama ’yan gida ɗaya.

Mai gyara a PZ:
Ni ta yi min, ko ba komai ba wanda zai zo ya ce a ƙara masa masarrafa. Amma saura abu ɗaya wanda shi ne ainihin inda ake cutar mutane, dedikete. Za ka ga an rubuta a takarda an manna a murfin laftof, 2 gig dedikete, kuɗi ya ƙaru nan take, mai saye bai san me ake nufi ba shi dai ya ji babbar kalma. Iri biyu ne. Akwai wadda take cikin babbar masarrafa ɗin kanta, irin Intel UHD ko Iris, ba ta da ram nata sai ta ɗiba daga na kwamfutar, ba ta cin batir sosai, ta isa kallo da rubutu da ɗan Photoshop. Akwai kuma wadda take gefe daban da ram nata, ta Nvidia ko ta AMD, ita ce mai ƙarfi kuma ita ce mai zafi da shan wuta, in aka ɗauke wuta kana tsakiyar aiki kafin ka gama neman mai janareta batir ya yi ƙasa, caja ɗinta ma kaɗai nauyi ne da shi. A watan Afrilu na Zariya irinsu ne suka fi cika mana tebur.

Malama daga Gyallesu:
Wannan mai sauƙi ne ai. Ta haɗe da ta ware. Masarrafar hoto ta haɗe, masarrafar hoto ta ware.

Ɗalibi, Hanwa:
Malama ta gama magana wlh. To yaya ɗan Samaru ta MacBook wacce ce a ciki? Don ni jira nake ko za su fito da mai araha a taron in sayar da tawa in yi ciko.

Ɗan Samaru:
Ƙanena ta haɗe ce, amma a nan ne fa ya kamata mu yi hattara kada mutane su ɗauka duk ta haɗe raguwa ce. Tun da Apple ta sanar a taron 2020 cewa ta bar Intel za ta riƙa ƙera masarrafarta da kanta, M1 ta fito a Nuwamban shekarar, komai a guntu ɗaya suke zubawa, babbar masarrafa da ta hoto suna ci daga ram ɗaya, ba sai an yi ta kwashe kaya daga nan zuwa can ba, shi ya sa ba ta zafi sosai kuma batir ke daɗewa. Illar ita ce ba a ƙara komai, ram ɗin ma a liƙe yake, kuma ko kati na waje da ake jonawa ta waya a Mac na zamanin Intel, waɗannan sababbin ba sa karɓa. Kai har Mac Pro ta 2023 mai ramuka a ciki ba ta karɓar katin hoto.

Kai kuma da kake zanen gini ka tsaya tukuna, Revit da Lumion na Windows ne, ba su da na Mac, ko sun fito da mai arahar ba taka ba ce sai dai in manhajar zane ta Blender za ka koma. Nemi mai ta ware ta Nvidia, ka duba ram ɗin masarrafar hoton kanta ba na kwamfutar kawai ba, kuma labarin irin waɗannan ba a taron Apple ake jin sa ba, sai wurin baje kolin fasaha irin CES ta Las Vegas a Janairu, inda aka sanar da RTX 50 a 2025, ko Computex ta Taiwan.

Abin da ya fi shafar kasuwarmu a ganina ma ba sabon ƙarfe ba ne. A taron 2025 sun faɗa ƙarara cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe da za ta hau Mac mai Intel, kuma irinsu ne suka fi yawa a hannun masu sayar da na hannu, to duk sabon abin da za a nuna bana ba zai sauka a kansu ba. Ina zaton farashinsu zai fara saukowa, duk wanda aka yi wa tayin MacBook mai arha ya fara tambaya Intel ce ko M.

Mai gyara a PZ:
Saukowa a ƙasar nan? Oga sai dai mu gani. Mu dai a shago jifiyu da girafis za mu ci gaba da cewa, ba zan yi maka ƙarya ba, amma ta haɗe da ta ware zan fara gwadawa a kan kwastoma gobe.

Ɗan Samaru:
Ba laifi, baki ya ce jifiyu, alƙalami ya rubuta masarrafar hoto, farkon ambato zan haɗa su biyun don kada a ɓata. Katin hoto sai wanda ake zarewa a kwamfutar tebur. Jawabin buɗe taron ranar Litinin suka saba yi ƙarfe 10 na safe a Kalifoniya, ƙarfe 6 na yamma kenan a nan, magariba za ta raba shi biyu, don haka rubutun sai bayan isha'i in akwai wuta. Malama akwai wata da na san za ta taso, dabarar nan ta lissafa yadda haske ke tafiya yana dukan abubuwa yana dawowa, wadda Nvidia ta kawo da RTX a 2018 Apple kuma ta sa a M3 a 2023. Ni bin sawun haske na rubuta a gefe.

Malama daga Gyallesu:
Kalma uku ce, Baba zai hana. Bibiyar haske.