Tambaya kan mid mai dom: ATC, Yamaha NS-1000M ko Neumann KH 310?

Mai Situdiyo:
Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana sauti ku taimaka min da shawara. Ina da ɗan situdiyo inda nake ɗaukar murya da haɗa kiɗa, yanzu so nake in bar sifikun nan masu baki biyu in koma masu uku, wato wufa mai fitar da sauti mai kauri, da mid mai na tsakiya, da tiwita mai siriri, kuma duk inda na leƙa sai in ga ana ta yabon mid mai dom, wannan da yake kumburowa waje kamar ƙoƙo a kife. Akwai wanda zai sayar min da Yamaha NS-1000M ta hannu, sannan ina hangen Neumann KH 310, ita kuwa ATC kuɗinta ya fi ƙarfina sai dai in yi ta tari. Tsakani da Allah bambancin dom ɗinsu ya kai a damu da shi? Wacce ta fi fitar da murya yadda take?

Injiniyan Sauti:
Wa alaikumus salam malam. Ya kai mana, amma kar ka tsaya kan abin da aka yi dom ɗin da shi kawai, duba daga ina zuwa ina aka ba shi aiki. A kon na yau da kullum, wato bakin sifika mai siffar mazurari, kwayil ɗin, wato naɗaɗɗiyar wayar da wuta ke motsawa, ƙarami ne yana tsakiya, shi yake tura faffadar takarda, to in sauti ya yi siriri sosai sai gefen takardar ya kasa bin tsakiyar. Shi dom kwayil ɗinsa faɗinsu ɗaya da dom ɗin, daga bakin gefe yake tura shi, kuma babban kwayil ya fi jure zafi shi ya sa ko ka ƙure ƙara ba ya saurin shaƙewa. Matsalarsa ɗaya, fuskarsa ƙarama ce ba ya tura iska da yawa, don haka ba ya sauka zuwa sauti mai kauri sosai.

Nan ne ATC suka yi fice. Billy Woodman ne ya kafa kamfanin a Ingila a 1974, a 1976 suka fito da dom ɗinsu na yadi mai milimita 75, SM75-150, da ƙaton maganaɗisu a bayansa da gajeren kwayil a cikin dogon rami, wato duk motsin da zai yi bai fita daga inda ƙarfin maganaɗisun yake daidai ba. A sifikunsu irin SCM50 yana karɓar aiki daga 380Hz har 3.5kHz (Hz ma'aunin kaurin sauti ne ko sirantarsa, kHz kuma Hz dubu ne). Ka tuna layin tarho na da daga 300Hz zuwa 3.4kHz yake ɗauka kuma ana gane magana sarai, kenan kusan duk inda kunne yake tantance kalmomi dom ɗin nan shi kaɗai ne yake fitar da shi, babu kurosoba a tsakiya, wato wurin da wani baki yake miƙa wa wani aikin. Ni a wajena don aikin murya wannan shi ne maganar. Kamfanin sifika na PMC ma suna da nasu dom ɗin mai milimita 75 da suke yankawa a 380Hz ɗin.

Tsohon Hannu:
Injiniya ka yi bayani amma ka tsallake Yamaha kamar ba ta cikin tambayar. NS-1000M tun 1974 take, mid ɗinta milimita 88 ne na beriliyom, ƙarfe ne mara nauyi ga tauri, yana aiki daga 500Hz har 6kHz. Dom na yadi laushinsa da maganin da aka shafe shi da shi ne suke shanye karkarwar da ba a so, shi kuwa beriliyom ba ya ma lanƙwasawa a inda yake aiki, sai can sama. Na zauna gaban irinta an sa kukuma da kalangu, wallahi har gogar izgar kana ji daban, da saukar makaɗi kan fata. Masu cewa tana da tsini a kunne yawanci ƙaramar amfilifaya suka haɗa mata, ko ba su taɓa maɓallan nan biyu na gabanta masu rage mid da tiwita ba. Kuma dom ba ATC ce ta fara shi ba, AR-3 ta Acoustic Research a Amurka tana da shi tun 1958.

Injiniyan Sauti:
Ranka ya daɗe ban raina ta ba ko kaɗan, sifika ce ta gaske. Tsorona shekarunta ne. An daina ƙera ta tuntuni, in dom ɗaya ya fashe sai dai ka nemo wani tsohon daga waje kuma da wuya ya yi daidai da ɗan uwansa. Beriliyom yana da gautsi, sannan garinsa guba ne in an shaƙa, ba abin da za a kai wa mai gyaran rediyo ya kankare ba ne. Mai Situdiyo in za ka je dubawa ka haska fitila ta cikin ragar da ke rufe da mid ɗin ka ga ko akwai tsagewa, ka murɗa maɓallan ka ji ko suna ƙara kamar akwai yashi a ciki, ka sa murya zalla ka saurari kowacce ita kaɗai. Ka kuma sa kuɗin amfilifaya mai kyau a lissafi, don ba ta da tata a ciki.

Hajiyar Miks:
Ni KH 310 nake aiki da ita, bari in faɗi nawa. Mid ɗinta ma dom ne na yadi inci 3, amma daga 650Hz zuwa 2kHz kawai aka ba shi, sauran wufa da tiwita ne suke ɗauka, to ka ga girma kusan ɗaya da na ATC amma aikin da aka ɗora musu ba ɗaya ba, wannan ma ya isa ya nuna maka girman dom kaɗai ba ya gaya maka komai. Amfilifaya uku ne a cikinta, akwatin a rufe yake ba ramin fitar iska, bes ɗin ba ya jan jiki, kuma an yi ta ne don zama kusa, in ɗakinka ƙarami ne za ta fi maka sauƙin saitawa kan Yamaha mai wufa santimita 30. Abu biyu zan roƙe ka. Dom na yadi yana kama ƙura, musamman mai danƙo irin na ATC, lokacin hunturu ka dinga rufe su da ƙyalle in ka tashi, kar ka goge da tsumma kar kuma ka bari yara su danna da yatsa. Sannan kar ka jona su kai tsaye a wutar NEPA ko janareto babu sitabilaiza.

Mai Situdiyo:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Ɗakin nawa ƙarami ne gaskiya, tebur ne kawai tsakanina da sifikun, don haka zuciyata ta fi kwantawa da KH 310. Yamahar zan je in duba ta da fitila kamar yadda Injiniya ya ce, in lafiyarta ƙalau kuma farashin ya sauko zan ɗauke ta don sauraro a gida. Hajiya don Allah a kwance kika ajiye naki ko a tsaye, kuma mid ɗin ciki yake kallo ko waje?