Awarwaron da na ƙera ya tsage, ko zinariyar ce ke da gami?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena a sana'a. Ni maƙerin fari ne a Wadata, nan Yamai. Wata Hajiya ta ce tana son awarwaro karat 18 (wato kashi uku cikin huɗu zinariya) mai ja-ja, ba rawaya ba. Na narka giram 30 na tsantsar zinariya da giram 10 na jan ƙarfe, azurfa ko ɗigo ban sa ba. Na gasa sandar, magariba ta yi, na bar ta cikin toka ta kwana. Da safe ina ɗora masaba sai ta tsage kamar busasshen rogo. Maigidana har ya fara yi mini wani irin kallo. An cuce ni a zinariyar ne? Daga Jado, wurin haƙar zinariya a arewacin Nijar, aka kawo ta.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Duba kaskonka, ƙane. In ka taɓa narka dalma a ciki, ɗan kaɗan ya isa ya sa zinariya ta riƙa fashewa.

Wani dattijo daga Tawa:
Yaro, kwanan tokar nan ne ya kashe ka. Jar zinariya ba baƙin ƙarfe ba ce da za ka bari ta huce a hankali. Gasa ta ta yi ja, jan na dushewa ka tsoma a ruwa. Haka muka tarar ana yi, dalilin kuwa sai 'yan boko.

Malamin kimiyya:
Baba ya yi gaskiya, ga dalilin. Ƙwayar zarrar zinariya ta ninka ta jan ƙarfe nauyi sau uku da ɗoriya. Saboda haka giram 30 da 10 ɗin nan, in ƙirga ƙwayoyin za a yi, kusan ɗaya da ɗaya ne. Da zafi, ƙwayoyin a cakuɗe suke, kowa ya zauna inda ya samu, ƙarfen kuma yana da laushi. Amma in zafin ya sauko ƙasa da digiri 410 sannu a hankali, sai su samu lokacin jera sahu: layin zinariya, layin jan ƙarfe, layin zinariya. Tsarin ginin ya ɗan matse ta gefe guda, sandar ta yi tauri, ta ƙi lanƙwasuwa. Ruwan sanyi yana hana su wannan jerin ne. Kurnakov, masani ɗan Rasha, ya bayyana abin tun 1916. Shi ya sa masu aikin karat 21 da 22 ba su cika kuka da wannan ba, jan ƙarfensu bai kai yawan da zai cika sahun ba.

Mai tambaya:
Malam, to in na ƙara azurfa fa?

Malamin kimiyya:
Za ta rage, amma jan zai kode. A giram 40, in ka sa 30 zinariya, 5 azurfa, 5 jan ƙarfe, rawaya za ka samu, ba abin da Hajiya ta nema ba. Gwada azurfa giram 2, jan ƙarfe 8. Zinariya da azurfa suna gauraya a kowane ma'auni. Azurfa da jan ƙarfe kuwa zaman kishiyoyi suke yi: da zafi a haɗu, da sanyi kowa ta ja gefe.  Tsomawa a ruwan dai ba fashi.

Amsa ta farko:
Ni dai ban janye batun dalma ba. Yanki ɗan guntu ka gasa, ka tsoma, ka buga. In ya miƙe, toka ce. In ya sake tsagewa, sai an tace zinariyar, kaskon kuma ka jefar.

Mai tambaya:
Na gwada yanzu a gaban maigida. Ya miƙe har na ja waya da shi. Baba na Tawa, Allah ya ƙara girma. Inda ya riga ya tsage ɗin fa, ya liƙu ko sai na sake narkawa?

Dattijon Tawa:
Narka. Tsaga ba ta haɗewa da gashi.