Sake cika harsashin bindigar farauta a gida: ta ina ake farawa?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum. Ina da bindigar farauta mai cin harsashin .308 Winchester, wadda nake riƙe da ita da takardun izini, amma harsashinta yana wuyar samu a Damagaram, ga kuma tsada. Na ji cewa maharba a Amurka da Faransa suna tara kwanson da suka harba su sake cika shi da hannunsu. Ina roƙon manya su bayyana mini abin da mai farawa yake bukata, da kuma ko albarushin da ake ɗura wa bindigar toka zai yi wannan aiki.

Tsohon Jandarma:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin a zo maganar kayan aiki, akwai maganar hukuma. Kada ka ɗauka takardar riƙe bindiga ta ba ka damar shigo da albarushi ko ajiye shi a ɗaka. Tun 1994 Nijar take da hukumar CNCCAI mai tattara makaman da ba bisa ƙa'ida ba, farauta kuma tana ƙarƙashin dokar 1998, kuma a halin tsaron da ake ciki, wanda aka tare a shingen hanyar Tanut da gwangwanin albarushi zai daɗe yana bayani. Ka fara zuwa ofishin da ya ba ka izini, ka nemi amsa a rubuce. Idan suka ce a'a, maganar ta ƙare a nan.

Maharbin Gure:
Baba Jandarma ya faɗi gaskiya. Game da albarushi kuwa, amsar ita ce a'a. Damagaram ta san baƙin albarushi, wato na bindigar toka, tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ake ƙera igwa a mulkinsa, amma harsashin zamani yana aiki ne da albarushi marar hayaƙi, irin wanda Paul Vieille ya fara samarwa a Faransa a 1884. Baƙin albarushi ba zai tura harsashinka yadda ya kamata ba, sai dai ya cika bakin bindiga da datti mai jawo tsatsa. Akasin haka ya fi muni: wanda ya zuba marar hayaƙi a bindigar toka zai iya fasa ta a hannunsa.

Harsashi abu huɗu ne: kwanso, ɗan ƙyastun da ke gindinsa mai kunna albarushi, albarushi, da kan da ke fita. Ana bukatar injin matsi da bakunansa masu mayar da kwanso girmansa na asali, da ma'aunin tsawo, domin kwanson tagulla yana miƙewa kaɗan duk lokacin da aka harba shi. Amma ni a ganina sikeli ya fi su duka muhimmanci. Ana auna albarushi da giren, wanda bai kai miligram 65 ba, alhali matsin da .308 yake iya kaiwa ya haura bar 4,000. Saboda haka ba a awo da cokali ko da ido, ba a kuma karɓar adadi daga bakin aboki. Littafin kamfani mai nuna adadin albarushin da za a zuba, kamar na Lyman ko Hornady ko Vihtavuori, shi ake bi, daga mafi ƙarancin adadin da ya nuna, kuma gwangwani ɗaya tak ake buɗewa a kan tebur.

Malam Mai Gyara:
Zan ƙara abu biyu. Ka haska tocila cikin kwanson da ka tara: idan ka ga rami ɗaya a tsakiya, samfurin Boxer ne, ana iya sake cika shi, idan ƙananan ramuka biyu ne, Berdan ne, kayan aikin da aka saba ba sa cire ƙyastunsa. Kwanson ƙarfe da wanda wuyansa ya tsage, ajiye su gefe.

Na biyu shi ne zafinmu. Harsashin da aka gwada cikin sanyin Janairu yana iya ba da matsi mafi yawa a Afrilu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, balle idan ya yini cikin mota. Ɗakin kwano kuma ba wurin ajiyar albarushi ba ne. Sannan akwai dalma a ƙyastu da kan harsashi, kuma abin da gubarta ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ya isa ya sa mutum ya nisanta wannan aiki daga tsakar gida, ya kuma wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci.

Ɗan Birni:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na duba kwansona da tocila, yawancinsu masu rami biyu ne. Zan rubuta wa ofishin izini kafin in sayi komai.