Tsohuwar Peugeot 504: a tada ta ko a haƙura?

Mun zauna da bakanikai biyu da mai walda a kan 504 ɗin da mahaifin abokinmu ya bari, wadda ta shekara da shekaru ƙarƙashin darbejiya. Ga abin da na tsinta.

Duk bakinsu ya zo ɗaya cewa inji ba shi ne abin tsoro ba. Motar ta fito a Faransa a 1968, an kuma daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna kafin a daina, don haka masu sanin cikinta suna da yawa, kayan gyara kuma ana laluben su a Panteka ko Ƙofar Ruwa.

Tsatsa ce ke yanke hukunci. Mai walda ya ce a ɗaga kafet, a soki daɓen motar da sukudireba, a duba ƙasan ƙofofi da wurin da shokazoba ta gaba ke kamawa. Tsatsar da ta tsaya a kan fenti magani gare ta. Wadda ta ci wurin da ke ɗauke da nauyi kuwa, rai ake sa wa a haɗari, domin bodin 504 shi ne ƙashin bayanta. A kuma bi jikinta da maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa, ciko aka yi.

Sun rabu a kan kuɗi. Ɗaya ya ce sayen wata 504 mai tafiya ya fi araha, kuma gaskiyarsa. Ni dai na fahimci abokina, motar da ta kai shi makaranta ce. Ya ce zai fara nemo takardunta kafin a taɓa ko ƙusa ɗaya.