Neman shawara: haɗa layukan intanet biyu na haya a kan rauta ɗaya

Bakabe:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni ne mai kula da na'urori a wata cibiyar koyar da kwamfuta a Birnin Kebbi, inda muke da kwamfutoci 40 a ɗakin karatu, ban da na ofis. Shekara biyu muna kan keɓantaccen layi ɗaya mai ƙarfin megabit 10 da muke haya daga wani kamfani, wanda ke iso mana ta rediyo daga turken sadarwa. Da ɗalibai suka ƙaru sai layin ya gaza, shugabannin cibiya suka amince muka ɗauki layi na biyu, shi ma megabit 10, daga wani kamfani dabam, wannan karon ta wayar faiba. Lissafina shi ne goma da goma za su ba mu ashirin.

Na soka wayoyin biyu a rautarmu (na'urar da ke haɗa kwamfutocinmu da intanet) ƙirar kamfanin MikroTik, na ba kowane layi adireshinsa, amma gwajin gudu bai taɓa wuce 10 ba, kuma idan na duba sai in tarar layi na biyu yana zaune babu abin da ke bi ta kansa. Ga shi kowane ƙarshen mako muna ɗora bidiyon darussa mai nauyin gigabait 2 a wata saba (kwamfutar da ke ajiye bayanai a intanet) da ke Legas, aikin yana cin kusan rabin sa'a kamar yadda yake ci a da. Ina roƙon masana su nuna mini yadda ake mayar da layukan nan biyu su zama ɗaya, domin ni na ba da shawarar kashe kuɗin, kuma amana ce a wuyana.

Injiniyan Gusau:

Wa alaikumus salam, Malam Bakabe. Kuɗinku ba su tafi a banza ba, amma akwai abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa, dole mu fara raba su. Akwai ɗinke layuka su zama ɗaya, akwai kuma raba kaya tsakanin layuka.

Ka ɗauki misalin masu fito a Yawuri. Idan kana da buhunan shinkafa 40 da kwalekwale biyu, sai ka zuba 20 a kowanne, kayan su haye cikin rabin lokaci. Amma idan injin casa ɗaya ne za ka haye da shi, kwalekwale na biyu ba zai amfane ka ba, sai dai a kwance injin gunduwa-gunduwa, kuma a sami makaniki a ɗaya gaɓar yana jira ya sake haɗa shi. Ɗinke layuka haka yake: rautarka tana rarraba fakitocin bayanai a kan layukan, wata na'ura a ɗaya ƙarshen tana tattara su ta jera su bisa tsari. Idan babu mai tattarawa a can, babu ɗinki.

Tsohuwar hanyar yin wannan ita ce MLPPP, wadda aka fitar da ƙa'idarta a takardar RFC 1990 a shekarar 1996. A zamanin da muke karɓar layin E1 mai megabit 2.048 (a Amurka T1 ake amfani da shi, mai 1.544), mukan ɗinke huɗu a rautar Cisco mu sami kusan megabit 8, har fayil ɗaya ya ci moriyar dukkansu. Sharaɗin dai shi ne layukan duka su ƙare a na'ura ɗaya ta kamfani ɗaya, kuma injiniyansu ya yi irin saitin da ka yi. Naka layukan na kamfanoni biyu ne, kowanne da adireshinsa da hanyarsa, saboda haka wannan ƙofar a rufe take. Wasu za su ce maka ka kunna LACP, wato tsarin haɗa wayoyi da yawa tsakanin na'urori biyu. Kada ka ɓata lokaci a kai, domin shi ma yana buƙatar amincewar ɗaya ƙarshen, kuma ko ya yi aiki, kowace hulɗa tsakanin kwamfuta da saba waya ɗaya take bi daga farko har ƙarshe.

Abin da ya dace da ku shi ne raba kaya. Dalilin da layinka na biyu ke zaune shi ne rauta ta zaɓi hanyar fita ɗaya ta ajiye ɗayar a matsayin ta ko-ta-kwana. A MikroTik akwai tsarin PCC, wanda ke kasa hulɗoɗi gida biyu, 2/0 da 2/1, ka sa wa kowane kaso alama, ka tura shi ta layinsa. Da kwamfutoci 40 suna aiki a lokaci guda, jimillar za ta kusanci 20, ko da yake babu mutum ɗaya da zai wuce 10 a hulɗa guda. Ka kula da abubuwa biyu da suka wahalar da ni a baya. Na farko, ka cire hulɗoɗin da ka sa wa alama daga FastTrack, wato gajeriyar hanyar da rauta ke bi da fakitoci don sauri, in ba haka ba fakitoci za su tsallake alamar su ɓace. Na biyu, ka yi rabon bisa adireshin mai aikawa da na mai karɓa kawai, kada ka haɗa da lambar ƙofa (port, lambar da ke bambanta hulɗoɗin kwamfuta ɗaya), domin shafukan banki da wasu shafukan rajista sukan kori mutum idan suka ga adireshinsa ya sauya a tsakiyar aiki.

'Yar Argungu:

Bayanin Injiniya ya gamsar, ina so in ƙara abu ɗaya da na koya a wurin aikina. Malam, ka tambayi kamfanonin biyu, a rubuce, ta ina layinsu yake bi kafin ya bar gari. Mun taɓa ɗaukar layuka biyu muna ganin mun tsira, ranar da masu aikin hanya suka datse waya sai duka biyun suka mutu a minti ɗaya, ashe ƙaramin kamfanin daga babban yake saye, kuma a rami ɗaya wayar take. 'Yan'uwanmu na Zamfara ma sun ga irin wannan a babban mataki a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe turakun sadarwa a jihar saboda matsalar tsaro, yawan layuka bai amfani wanda dukkan layukansa suka dogara da turakun ba.

Sannan kada rauta ta tsaya ga duba ko na'urar kamfani da ke kan rufinku tana amsawa. Sau da yawa ita tana raye amma abin da ke bayanta ya mutu, sai rabin ɗalibanka su zauna suna jiran shafin da ba zai buɗe ba. Ka saita ta ta riƙa gwada wani adireshi mai nisa ta kowane layi, idan ya daina amsawa ta kwashe kowa ta mayar kan layin da ke aiki.

Bakabe:

Allah ya saka muku da alheri, Injiniya da Hajiya. Na kwana ina wannan saitin, yau da safe na ga layukan biyu suna ɗauke da kaya, jimilla ta kai 18 lokacin da ɗakin ya cika. Sai dai gwajin gudu daga kwamfutata har yanzu 10 yake nunawa, kuma bidiyon nan bai rage lokaci ba. Shin babu wata dabara ta samar da wannan makanikin na ɗaya gaɓar da kaina? Wani abokina ya ambaci BGP.

Injiniyan Gusau:

Madalla, 18 ɗin nan ita ce shaidar da za ka nuna wa shugabanninka, ba gwajin kwamfuta ɗaya ba. Gwajin yana nuna 10 ne saboda adireshinka da na sabar gwajin ba su sauya ba, don haka rabon ya jefa su layi ɗaya, kuma haka muka so.

BGP, wato tsarin da cibiyoyin intanet ke sanar da juna hanyoyin isa ga adireshinsu, ba maganin wannan ba ne. Yana buƙatar ku sami lambar cibiya taku da rukunin adireshi daga AFRINIC, hukumar da ke raba adireshin intanet a Afirka, galibi aƙalla adireshi 256 kafin manyan kamfanoni su karɓi sanarwarku, ga kuɗin shekara-shekara. Bayan duk wannan ɗawainiya, fayil ɗaya layi ɗaya zai bi. Amfaninsa shi ne adireshinku ya tsaya daram ko da kamfani ɗaya ya faɗi, abin da bankuna da jami'o'i ke buƙata, ba cibiya mai kwamfuta 40 ba.

Samar da mai tattarawa da kanka kuwa mai yiwuwa ne. Za ka yi hayar ƙaramar saba a Legas, ka buɗe rami ɗaya (wato keɓantacciyar hanya a cikin intanet) zuwa gare ta ta kowane layi, sannan ka ɗinke ramukan biyu, ko da EoIP, tsarin rami na MikroTik, ko da MPTCP, tsarin da ke barin hulɗa ɗaya ta bi layuka da yawa, ta manhajar OpenMPTCProuter. Amma ina jan hankalinka a nan. Layinka ɗaya rediyo ne, ɗaya faiba, jinkirinsu ba zai zo daidai ba. Idan fakitoci suka riƙa isowa na baya kafin na gaba, TCP, wato tsarin da ke tabbatar da isowar fakitoci, yakan ɗauka an yi asara, sai ya sake aikawa ya kuma rage gudu, har ka ga layuka biyu sun kasa abin da ɗaya ke yi. MPTCP ya fi jure wannan, amma duk da haka ramin yana cin wani abu daga kowane fakiti, kuma ranar da sabar ta tsaya kowa ya tsaya, sai ka tanadi hanyar kauce mata.

Mu yi lissafi. Gigabait 2 megabit 16,000 ne, a gudun 10 minti 27 ke nan, a gudun 20 kusan minti 13. Ban ga hikimar ɗaukar sabon kuɗin wata da sabon abin lalacewa don ceton minti 14 a mako ba. Ka raba bidiyon gida biyu, ko ka ajiye kowane darasi a fayil ɗinsa, ka ware kwamfutoci biyu, ka ɗaure ɗaya a layin rediyo ɗaya a layin faiba, su ɗora tare. Idan lokacin sabunta yarjejeniya ya zo, ka tambayi masu faiba nawa za su ƙara su ɗaga ku zuwa 20, domin a wajensu sau da yawa sauya saiti ne kawai ba jan sabuwar waya ba, sai ka rage layin rediyo ka bar shi na ko-ta-kwana. Kafin nan, ka turo mini hoton jerin alamominka in duba ko ka keɓe zirga-zirgar cikin gida daga rabon, domin idan ba ka keɓe ba, wata kwamfuta za ta nemi firintar ofis ta hanyar intanet.