Abin da muka tsinta a hirar dukawa kan agogon zamani

Ranar Alhamis, bayan an tashi daga kasuwar Dole ta Damagaram, mun zauna a rumfar wani dattijon baduku a unguwar Birni, hira ta kai mu ga agogunan nan masu ƙirga bugun zuciya da samarin Damagaram ke ɗaurawa. Galibinsu da maɗaurin roba suke zuwa, ga zafinmu, sai gumi da ƙaiƙayi.

Shawara ta farko ita ce a yi musu maɗauri da fatar akuya wadda aka jeme da bagaruwa. Amma baduku ya auna tukuna, domin yawancin agogunan faɗin bakin da maɗauri ke shiga milimita 20 ne ko 22. Kada kuma fata ta rufe bayan agogon. Koren hasken da ke wurin, mai ƙirga bugun zuciya, sai ya taɓa jiki yake aiki. Wani saurayi ya ce nasa ya daina ƙirge saboda haka.

An daɗe kan rini. Jan karan dafi yana da kyau, sai dai idan bai kama sosai ba yakan zuba a hannun farar riga. Dattijon ya ce: "Yaro, goga ta da jiƙaƙƙen ƙyalle kafin ka biya." A cire maɗaurin kafin alwala, idan ya jiƙe a shanya a inuwa.

Daga agogo hira ta koma kan waya. Ni abin da ya fi taɓa ni shi ne maganar da aka yi kan teloli: a ɗinka aljihun waya daga cikin babbar riga, don nauyinta kada ya ja aikin aska takwas da mai ɗinki ya share watanni yana yi da allura.