Waɗanda suka taɓa sayen jirgin ruwan shaƙatawa na hannu, me kuka duba kafin ku biya?

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na samu jirgin ruwan shaƙatawa mai inji, na hannu, tsawonsa mita 12, jikin faiba ne, da injin dizal biyu. Ya kusa shekara 20, amma mitar injinan ba ta wuce awa 600 ba. Sau biyu ina shiga cikinsa: kujeru tsaf, katako sai ƙyalli, ba warin komai. Dillalin ya ce akwai rahoton binciken da aka yi wa jirgin bara, in karanta shi ya wadatar, kuma in ajiye kafin alƙalami a satin nan don akwai wani mai nema. Zuciyata ta riga ta kwanta da jirgin, abin da ke ba ni tsoro ke nan, domin shekaru na yi ina tara kuɗinsa. Waɗanda suka bi wannan hanya, don Allah ku gaya mini abin da kuka gani da idonku.

Wanda ya riga ka saye:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, awa 600 ɗin da ta faranta maka rai ita ce ta fara tayar mini da hankali, don ita ta ja ni nima. Raba ta da shekara 20 ka gani: awa 30 ke nan a shekara. Jirgin nan zama ya yi ta yi, kuma inji a cikin ruwan gishiri zama ya fi cinye shi fiye da aiki.

Nawa haka yake. Mun ɗan zaga da shi kusa da gaɓa, minti ashirin, a hankali, komai lafiya, na biya. Fitarmu ta uku da iyalina teku ya ɗan motsa, jirgi ya fara tangaɗi, sai injin dama ya soma shaƙewa, ya mutu. Ba a daɗe ba na hagu ya fara zafi, ƙararrawa na ta ƙara. Ba zan manta fuskar ƙaramar 'yata ba, ta riƙe rigar uwarta ta yi tsit. Janyo mu aka yi zuwa gaɓa.

Da aka buɗe matatar mai, wani baƙin abu mai yauƙi ne ya cika ta. Tankin da ya daɗe a zaune yana tara ruwa a ƙasa, ƙwayoyin cuta su hayayyafa a inda ruwan ya haɗu da dizal, su kwanta a gindin tanki. Idan teku na kwance ba ruwansu da kai, sai ranar da igiyar ruwa ta girgiza tankin su taso su toshe matata. Na hagun kuma, injin jirgi ba shi da lagireto irin na mota, ruwan teku yake zuƙowa ya bi ta cikin siraran bututu ya sanyaya ruwan injin. Akwai ɗan fanka na roba da ke tura ruwan. Nawa ya bushe saboda zama, fikafikansa uku sun karye sun je sun maƙale a bakin bututun, sauran kuma gishiri ya rufe rabinsu. Zagayen minti ashirin a hankali ba ya tona irin wannan. Ka tambayi rasit ɗin sabis na kowace shekara. Idan babu, ka ɗauka ba a yi ba.

Bakaniken injin jirgi:

Alhaji, Allah ya kiyaye gaba. Abin da ka faɗa shi nake gani kusan kowane wata.

Malam mai tambaya, ranar gwaji ka riga mai jirgin zuwa. Ka sauka ɗakin inji ka ɗora tafin hannunka a kan kowane inji. Idan da ɗumi, an tayar da shi kafin ka zo, ka ce a sake sa wata rana. Injin da ya kwana a sanyi ne ke faɗin gaskiya. Ka sa wani ya murza makulli, kai kuma ka tsaya a baya wajen salansa. Ruwa ya kamata ya fara fitowa tare da hayaƙin cikin 'yan daƙiƙu. Ɗan farin hayaƙi da ya washe bayan inji ya ɗauki zafi ba komai ba ne. Shuɗi mai ɗorewa, injin na ƙona baƙin mai. Baƙi idan an ba shi wuta, ko dai iska ba ta isa ba, ko nozul sun gaji, ko an ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa.

Sannan abin da masu sayarwa ba su cika so ba: a buɗe totur har ƙarshe. Kowane inji akwai adadin juyin da kamfaninsa ya rubuta zai kai a minti ɗaya, yana jikin farantin injin ko a littafinsa. Misali an rubuta 2,800, jirgi ya tsaya a 2,500 ya ƙi gaba, to akwai magana. Yana iya zama ƙazantar teku ce ta manne a ƙasan jirgi, ko farfelar ba daidai da injin ba ce, ko tabo, wato na'urar da ke cusa wa inji iska, ta yi rauni. Wasu gyaran kwana ɗaya ne, wasu sai an sauke inji, amma dole ka san wanne ne kafin ka biya. A riƙe shi a haka minti biyar zuwa goma, idonka kan mitar zafi da ta matsin mai. Na taɓa tsayawa a ɗakin inji a irin wannan gwaji, sai da muka kai minti na shida tiyon ruwa ya fara feshi siriri kamar allura. A minti na huɗu da mun dawo da mun ce lafiya lau.

A ɗebi baƙin mai na kowane inji da na giya da na janareto a kai ɗakin gwaji. Suna gano ɓurɓushin ƙarfe da tagulla, da alamar ruwan gishiri ko dizal a cikin man. Idan ka tarar an yi juye jiya-jiya, mai fes, gwajin ba zai nuna abin kirki ba, ka tambayi dalili. Mitar awa kuma ana iya canja ta. Injinan da ke da kwamfuta, irin na Volvo Penta, Cummins, Caterpillar da MAN na zamani, suna ajiye awanninsu da tarihin matsalolinsu a ciki, bakaniken da ke da na'urar kamfanin zai karanto maka. Mai binciken jikin jirgi daban, bakaniken inji daban. Ka ɗauki duka biyu.

'Yar'uwarku:

Ni da maigidana mun kusa sayen wani da ya fi wanda muke da shi yanzu kyau nesa ba kusa ba. Ni na dage sai an fito da shi tudu, don sayen jirgi ba ka ga ƙasansa ba cinikin biri a sama ne. Mu muka biya kuɗin ɗagawa da na mai bincike, haka al'adar cinikin take.

Da aka wanke ƙasan, sai ga bororo birjik a jikin faibar, wasu kamar ƙwayar wake, wasu sun kai faɗin kwabo. Mai binciken ya huda ɗaya da tsinin wuƙa, ruwa ya tsarto, warinsa sak ruwan khal. Ya ce ruwa ne ya ratsa fatar waje a hankali cikin shekaru ya taru a ciki. Wannan bai hana ni barci ba kamar abin da ya biyo baya. Ya ɗauki 'yar guduma ya bi saman jirgin yana ƙwanƙwasawa taku bayan taku. Wuri mai lafiya yana ba da ƙara mai kaifi, ƙwas-ƙwas. Da ya iso kusa da injin jan anka, ƙarfen da ake jefawa ruwa don tsayar da jirgi, sai ƙarar ta koma duf-duf, kamar ana dukan jiƙaƙƙen kwali. Ya ce in taka wurin ba takalmi. Na ji ya lotsa ƙarƙashin ƙafata. Saman jirgi da yawa faiba ce sama da ƙasa, a tsakiya katakon balsa, mara nauyi. Duk inda aka huda aka ɗaura kusa ba a toshe da kyau ba, ruwa na bi ya ruɓar da katakon, waje kuwa yana nan yana sheƙi.

Ka sa ya gwada duk famfunan da suka huda jikin jirgi ƙasa da ruwa. Biyu a wancan jirgin sun ƙi juyawa sam, ɗaya da ya kankare sai ga ƙarfen ya yi ja-ja kamar hoda, alamar tutiyar cikinsa ta zagwanye, bugu ɗaya zai iya karya shi. Ya kama farfela ya girgiza ya ga ko sandar na wasa, ya duba guntayen tutiyar da ake ɗaurawa don gishiri ya ci su a maimakon ƙarfen jirgi. Mun haƙura da shi. Na yi kukan zuci, don har na zaɓi ɗakin da yara za su kwana.

Mai tsohon jirgi:

Hajiya, kin yi daidai da kika gudu daga ruɓaɓɓen sama, amma a kan bororo ina da ja kaɗan, kada ɗan'uwanmu ya firgita. Nawa da su na saya, an rage mini kuɗi, aka feƙe aka bar shi ya bushe watanni aka sake shafe shi, yau shekara takwas. Kuma na'urar auna danshi tana nuna sama idan jirgi bai daɗe da fitowa daga ruwa ba, sai mai bincike mai hankali ne ke iya fassara ta. Abin da ya ci ni tankin mai ne. Na alminiyam ne, yana zaune kan jiƙaƙƙen katako, ya ɓule daga ƙasa inda ido ba ya kaiwa. An kafa shi tun kafin a rufe daɓen jirgin, sai da aka yanka daɓen falo aka fito da shi. Ka sa hancinka a can ƙasan jirgi inda ruwa ke taruwa. Warin dizal, ko ruwa mai launin bakan gizo a sama, ka bi shi har asalinsa. In kuma wurin ya yi tsaf fiye da sauran ɗakin inji, ga sabon fenti, nan ma ka tambaya.

Wani ɗan'uwa:

Ni ba inji ba ne ya ba ni wahala, takarda ce. Watanni bayan na biya, sai ga saƙo cewa akwai bashin banki a kan jirgin, tun na mai shi na baya. A ƙasashe da yawa bashi jirgin yake bi, ba mutumin ba. Sai da lauya ya shiga kafin na samu kaina.

Ka je bayan jirgin, ta waje, gefen dama daga sama, akwai lambar jiki da aka zana a faibar. Amurka ta wajabta ta tun 1972, haruffa da lambobi 12 ne, a cikinsu akwai kamfanin da ya ƙera da shekarar. Ka gwada ta da ta takardu harafi bayan harafi, haka lambobin injinan. Idan a Tarayyar Turai jirgin yake, tun 1998 ake buƙatar alamar CE, shaidar cika ƙa'idojin Tarayyar, ga jiragen shaƙatawa masu tsawon mita 2.5 zuwa 24, kuma farantin na nuna ajinsa, A zuwa D. Mai B an ƙera shi don igiyar ruwa mai tsayi har mita 4, mai C mita 2, ka ga sai ka san inda za ka iya kai iyalinka. Ka nemi shaidar an biya harajin VAT.

Rahoton bara kuwa, wanda ya biya aka rubuta wa, ba kai ba, mai yiwuwa ma na inshora ne, wanda bai kai na saye zurfi ba. Karanta shi, amma ka nemo naka mutumin da kanka, ba wanda dillali ya nuna maka ba. Ƙungiyoyin masu binciken jiragen ruwa irin su SAMS da NAMS a Amurka, da IIMS mai hedikwata a Ingila, suna da jerin mambobinsu. Kafin alƙalami yawanci kashi 10 cikin 100 ne. Kada ka bayar sai an rubuta a yarjejeniya cewa ciniki ya rataya ne a kan sakamakon bincike da gwajin teku, in ba ka gamsu ba kuɗinka su dawo, kuma a ajiye su a asusun amana, ba hannun mai jirgi ba.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na dawo da labari. Dillalin ya ɗan ɓata rai da na ce a rubuta sharaɗin, amma ya rubuta. Shekaranjiya muka yi gwajin. Na riga kowa zuwa, Malam bakanike, na taɓa injinan, sanyi ƙalau. Na dama ya kai juyinsa cif. Na hagu ya rage da kusan 300, kuma a minti na bakwai allurar zafi ta fara hawa, sai muka sassauta. Da aka fito da shi tudu ba bororo ko ɗaya, Hajiya, saman ma ya amsa guduma da kyau sai wuri ɗaya kamar faɗin tafin hannu kusa da tagar gaba. Famfo ɗaya ya ƙi juyawa. Lambar jiki ta yi daidai da takardu. Rasit ɗin sabis ya tsaya shekara huɗu da suka wuce, kamar yadda Alhaji ya yi hasashe, kuma kofin da ke ƙasan matatar mai akwai baƙin laka a ciki.

Mai jirgin ya yarda a buɗe bututun sanyaya injin hagu a wanke tankunan a kan kuɗinsa, sannan a sake fita teku a buɗe totur ina wurin. Baƙin man yana ɗakin gwaji, sun ce sai mako mai zuwa. Kuɗina suna asusun amana har lokacin.